Kwanon Askin Nayra

Shafi na 27

Masu cika min waya da "ina ci gaba?" tun jiya, to ga shi nan, ku bar ni in sarara. Waɗanda suka shigo yau kuma ku matso in haska muku hanya, don ba maimaitawa zan yi ba.

Doña Eulogia ita ce mai gidan nan mai koriyar ƙofa a bayan kasuwar Cancha, nan Cochabamba ta ƙasar Bolibiya. Ta daɗe tana saukar ɗaliban da Cibiya ke turo mata. Cibiyar ta wata jami'ar Amurka ce. Duk shekara a kwaso yara a raba su gidaje, su ci, su sha, su koyi yare, shekara ta cika su sha kuka a filin jirgi, su tafi. Wasu su kira sau biyu. Wasu ko sau ɗaya.

Jikarta Nayra a hannunta take. Uwar yarinyar, Zulma, tana Sifen tana aikin kula da tsofaffi. Uban, Limbert, ya faɗa Ajantina, shiru kake ji. Danginsa suna garin Punata, kuma tun ranar da Zulma ta tafi suke son ɗauke yarinyar. Abu ɗaya ya tare su: Nayra tana da uwar aski. Wato wadda aka roƙa ta fara sa almakashi a gashinta, wadda daga ranar ta zama uwa ta biyu, da bakinta a makarantar yarinya da gidan da za ta zauna. Uwar askin nan ita ce Marnie, ɗalibar da ta zauna a gidan shekara huɗu da suka wuce. Kakar Nayra ta wajen uba, Doña Sabina, ta ce ta yarda a jira baturiya, amma iyakarta ranar buɗe makaranta. In ranar ta zo kan Nayra bai ga almakashi ba, za su zo da tasu uwar askin, su kuma wuce da 'yarsu.

Makaranta kuwa saura ƙiris a buɗe.

*

Ruwa ya ɗauke tun asuba, amma tsakar gidan bai bushe ba. Doña Eulogia na zaune kan 'yar kujera, Nayra a tsakanin ƙafafunta, tana raba mata gashi da yatsu. Gashin fari ba a sa masa mataji. Haka ya cure ya yi dunƙule-dunƙule har kafaɗa, sai dai kullum a bi a raba don kada ya haɗe ya zama tabarma.

"Kaka, da zafi."

"Tsaya dai. Ko tunkiya ta fi ki kyan kai."

Tessa, ɗalibar bana, ta sauko da jaka a kafaɗa. Doguwa ce, sai ta sunkuya take shiga kicin. Ta zubo kunun masara a kofi ta fito tana hurawa.

"Mama Eulogia, yau ba zan dawo cin rana ba."

"Saurayi?"

"Kai, Mama! Biki ake a Cibiya. Ta cika shekara ashirin. An kawo tsofaffin ɗalibai su yi mana jawabi."

"Daga ina aka kawo su?"

"Daga can gida."

Yatsun Doña Eulogia suka tsaya a kan yarinyar.

"Akwai wanda na sani a ciki?"

Tessa ta kafa baki a kofi. Kunun da zafi, tururi ma na tashi, amma ta gwammace ta ƙone harshe.

"Tessita. Da ke nake."

"Suna da yawa, Mama."

"Ban tambaye ki yawansu ba."

Kunnuwan Tessa suka yi jajur. Wahalar yaran nan ke nan, ƙaryarsu a kunne take fitowa.

"An ce kar mu faɗa."

"Wa ya ce?"

"Licenciada Rocío, ta ofishin Cibiya."

"Kar ku faɗa wa wa?"

Tessa ta dubi ƙasa. "Ke."

Doña Eulogia ta ci gaba da raba gashin, dunƙule ɗaya, na biyu, kamar ba da ita aka yi ba.

"Marnie ce?"

"Ita ce."

"Yaushe ta zo?"

"Tun farkon mako."

"Ina ta sauka?"

"Otal. Wajen Prado."

Ranar Lahadin nan da ta wuce suka yi waya. Marnie ta ce, "Na kusa, Mama, na kusa, aiki ne ya riƙe ni." Ashe tana faɗa tana ninke kaya a akwati. Abin ya yi wa Doña Eulogia ciwo, ciwo ba kaɗan ba, amma ita ba mai kuka gaban ɗalibai ba ce. Ta miƙe ta karkaɗe siket.

"Nayra, je ki sa takalmin coci."

"Mama, ba zuwa za ki yi ba dai?" in ji Tessa.

"Ba biki aka ce ana yi ba? Ni ma na ciyar da Cibiyar nan."

"Licenciada za ta kashe ni."

"Ba ta kashe kowa. Ido take zarewa."

Ta shiga ɗaki ta fito da farar hularta da mayafin fita unguwa. Ko tukunyar da ke kan wuta ba ta sauke ba, sai Tessa ce ta koma ta kashe.

A motar haya suka matsu su uku a kujerar baya, Nayra a cinya. Wata mai tallan cuku da ke gefensu ta ƙare wa kan yarinyar kallo.

"Doñita, wannan kan ai ya wuce aski."

"Uwar askinta na ƙasar waje."

"Af. Irin waɗannan." Matar ta taɓe baki. "Ƙanwata ma haka ta yi, ta ɗauko wani Bajamushe. Yaron yanzu har gemu ya fara."

Direba ya bushe da dariya. Doña Eulogia ta juya fuska wajen taga har suka sauka.

*

Babban ɗakin Cibiya ya cika. Ɗaliban bana a gaba, malamai a gefe, an jera furanni a bakin taga. Marnie na tsaye tana magana, ta yi ƙiba kaɗan, ta rage gashi, ta sa riga irin ta ma'aikatan ofis. A bangon bayanta an haska hoto ƙato.

Kicin ɗin Doña Eulogia ne. Ga tukwanenta, ga kalandar mai gas, ga ita kanta tana dariya da wushiryarta. Ga Nayra 'yar mitsitsiya a hannun Marnie.

"Wannan ita ce uwata ta Bolibiya," Marnie ke cewa. "A gidanta na koyi cewa dangi ba jini kaɗai ba ne. Ku buɗe zuciyarku. Shekarar nan za ta sauya ku."

Ɗalibai na ta gyaɗa kai. Wata a gaba har tana share ido.

Nayra ta ja mayafin kakarta. "Kaka, ga kicin ɗinmu."

"Na gani."

"Wace ce waccan jaririyar?"

"Wata ce. Yi shiru."

Suka tsaya a baya, jikin ƙofa. Doña Eulogia ta bari Marnie ta gama tsaf, ta bi kan dutsen Tunari da ta hau, da zawon da ta yi a watan farko, da rawar da ta koya. Da ta kai ƙarshe ta ce, "Akwai mai tambaya?"

Doña Eulogia ta ɗaga hannu.

Kawuna suka juyo. Farar hula a ɗakin nan ita kaɗai ce, ba mai ɓata ta.

"Comadre," ta ce, murya ƙasa-ƙasa, irin kiran da ake yi wa uwar askin ɗanka kawai. "Sannu da zuwa. An zo lafiya?"

Takardun hannun Marnie suka zube.

Licenciada Rocío ce ta fara motsi. Ita ke raba ɗalibai gidaje, ita ke cire gida daga tsari in ya saɓa. Ta taho ƙwas ƙwas da dogon takalmi, fuska ɗauke da murmushin aiki.

"Doña Eulogia! Ikon Allah, ga ta a hoto ga ta a fili! Yara, ku gaisa. Zo mu shiga ofis, mamita, ki sha shayi."

"Na sha a gida."

"Zo dai." Ta riƙe mata gwiwar hannu, riƙon ba na wasa ba. Ta harari Tessa. "Ke kuma ɗauki yarinyar nan ku je tsakar gida. Ni da ke anjima."

Tessa ta kama hannun Nayra suka fita. Marnie ta tsince takardunta ta biyo su ofis kamar wadda za a yi wa allura.

*

Licenciada ta rufe ƙofa. Ofishin ɗan ƙarami ne, tebur ɗaya, kujeru uku, taga a buɗe ta wajen baya. Ba wanda ya zauna.

Marnie ta buɗe hannu za ta rungume ta. Doña Eulogia ta ba ta kumatu ɗaya, shi ke nan.

"Mama, na rantse gobe na yi niyyar zuwa."

"Jirginki yaushe?"

"Jibi."

"To."

"Kin ga, an cika mana lokaci da taro, kuma..."

"Ban zo faɗa ba, comadre. Kin zo, magana ta ƙare. Yau zan aika Punata a gaya wa Doña Sabina. In sa a kawo giyar masara, in yanka kaji, in kira maƙwabta. Gobe ki zo ki yanke dunƙule ɗaya. Ɗaya tak. Ki koma otal ɗinki ki yi barci."

"Mama..."

"Nauyin makarantar ma ba sai kin ɗauka ba. Littafi, riga, takalmi, duk ni zan yi, ba wanda zai ji. Hannunki nake so a kan yarinyar nan, a gaban mutane. In kin yanka kin ce ta zauna wajena, Punata ba su da ta cewa."

Licenciada ta yi gyaran murya.

"Doña Eulogia, ba zai yiwu ba."

"Ba da ke nake ba, Licen."

"Dokar Cibiya ta hana. Ɗalibi ba ya zama uban aski, ba ya zama uban baftisma, ba ya tsayawa a aure. An karanta miki, kin sa hannu."

"Ta gama karatu. Ba ɗalibarku ba ce."

"Ma'aikaciyar jami'ar ce yanzu. Dokar ta fi kama ta."

Doña Eulogia ta juyo ta dube ta sosai, tun daga gashi har takalmi.

"Ke 'yar ina ce ma, Licen?"

"Me ya kawo wannan?"

"'Yar Tarata ce ke. Na san uwarki, gyaɗa take sayarwa a bakin coci. Wa ya yi miki askin fari?"

"Wannan daban."

"Doka ce ta aske ki?"

Licenciada ta kau da kai.

"Kin san yadda ake yi. Ni da Zulma muka durƙusa gaban Marnie. Zomaye biyu gasassu da dankali a kwano, an rufe da sabon ƙyalle, an ɗaure da jan zare. Doña Sabina na zaune tana kallo. Muka bar mata kwanon ta kwana da shi, yadda ake yi, don kada a ce an tsare ta da ido. In ba ka so, da safe ka dawo da shi a ɗaure, ba wanda zai ji haushi. In ka yarda, ka cinye." Ta nuna Marnie da haɓa. "Da safe ta sauko da kwano wayam. Har wankewa ta yi. Ta ci. Wanda ya ci kuwa ya ɗauka, ko dokarku ta so ko ta ƙi."

Marnie ta zauna a kujera ba tare da an ce ta zauna ba. Ta dubi Licenciada. Licenciada ta girgiza mata kai, kaɗan, yadda take zaton ba a gani ba.

"Mene ne?" in ji Doña Eulogia.

"Ba komai," in ji Licenciada.

"Comadre, mene ne?"

"Ban ci ba."

Daga waje ana jin ƙarar cokula da hayaniyar ɗalibai sun fito shan iska.

"Me kika ce?"

"Ban ci ba, Mama. Ko loma ɗaya."

"Kwanon wayam yake. Da hannuna na karɓa."

"Na juye a leda, na ɗaure ta da zaren."

"A leda."

"Zomayen kejin baya ne, Mama. Ni ke ba su ganye kullum da safe. Ɗayan ma har suna na sa masa. Da na buɗe na ga kawunansu, na kasa. Na zauna ina kallonsu ina kuka."

"To me ya hana ki ɗaure ki dawo min da shi? Ai shi ya sa ake barin mutum da kwano!"

"An hana mu."

"Wa?"

Marnie ta sake duban Licenciada.

"Tun makon farko ake koya mana. Kada ka mayar da abinci a gidan da aka sauke ka, zagi ne. Ka yi godiya, ka dawo da kwano wayam, ko ta yaya. Har sa mu ake mu maimaita. Na ɗauka in na dawo da shi a cike zan ci miki fuska."

Ni dai ban san wanda ya fara tsara wannan darasin ba. Na san dai yana aiki a kan miyar gyaɗa da tuwon masara. Ba wanda ya tuna da kwano mai jan zare.

Doña Eulogia ta dafa tebur. Muryarta ba ta sauya ba.

"Ba ki gane roƙon da muka yi miki ba ke nan?"

"Na gane za a yi bikin aski wata rana, ana so in zo. Na ji daɗi ma. Sai da na iso nan da ledar, Licenciada ta ga zaren, ta zaunar da ni ta yi min bayani."

"Ranar?"

"Ranar."

"Kika dawo gidana da yamma kika ci tuwona, ba ki ce komai ba."

"Na so in faɗa! Na ce zan koma in gaya miki. Ta ce in bari. Ta ce saura 'yan kwanaki in tafi, in na faɗa za a yi rigima, za a cire gidanki daga tsari. Ta ce za ku sami wata. Ta ce..."

"Marnie," in ji Licenciada.

"Ta ce me?"

"Ta ce mutanen nan suna mantawa."

Doña Eulogia ta gyaɗa kai a hankali.

"Mutanen nan," ta ce. "Ka ji 'yar mai gyaɗa."

"Gidanki na kare, Doña Eulogia," in ji Licenciada. Murmushin aikin ya tafi. "Da shugaban Cibiya ya ji kin roƙi ɗaliba, da tun lokacin an cire ki. Tessa ba za ta zo ba, wadda ta gabace ta ma haka. Na yi shiru ne don ke."

"Sannu da ƙoƙari."

"Ban san za ki zauna jira har yarinya ta isa makaranta ba!"

"To me zan yi? In ba wata kwano alhali wata ta ci? A ƙauyenku haka ake?" Ta juya ga Marnie. "Ke kuma duk Lahadi. Na kusa, Mama. Na kusa, Mama."

"Kunya nake ji."

"Kunya."

"Kullum sai in ce yau zan faɗa. Sai ki sa min Nayra a waya ta gaishe ni. Sai in kasa."

Marnie ta fara kuka sosai, kafaɗu na rawa. Doña Eulogia ta tsaya tana kallonta. Ta so yarinyar nan, ba ƙarya. Ta yi jinyarta da zazzaɓi ya kama ta, ta tsefe mata kai, ta koya mata tayi a kasuwa. Amma yanzu ba ta da lokacin lallashi, kanta ya riga ya shiga lissafi.

In ba ta ci ba, to roƙon bai kama ba. In naman shara ya tafi, ko kare ya cinye, kwano ya mutu, sai a sake sabo. Akwai zomaye a keji. Akwai maƙwabciyarta mai shagon ɗinki, mace mai mutunci, yau a kai mata, gobe ta dawo da kwano wayam, jibi a yi aski. Kafin Punata su farga an gama. Ta ji numfashinta ya dawo.

"Share hawayenki. Ya wuce. Ledar, a wace shara kika jefa?"

Marnie ta ɗago.

"Ban jefar ba."

"Kare kika ba?"

"A'a."

Licenciada ta juya ta shiga gyara takardun da ba su hargitse ba.

"To wa?"

"Na ajiye a kicin ɗin Cibiya, na ce a zubar. Mai dafa abinci ta ce zunubi ne a zubar da nama. Ta buɗe ta ci."

"Ta ga zaren?"

"Ita ta kwance shi. Ta cinye duka biyun a tsaye, ko dankali ba ta rage ba. Ta naɗe zaren ta ɗaura a hannu. Na ce mata yunwa kike ji haka? Ta yi dariya ta ce, sosai."

Doña Eulogia ta nemi kujera ta zauna.

"Wace mai dafa abincin?" ta ce, duk da ta sani. Cibiyar nan tun da aka buɗe ta mutum ɗaya ke riƙe da kicin.

"Doña Primitiva."

Primitiva. Yayar Limbert, 'yar Doña Sabina ta fari, gwaggon Nayra uwa ɗaya uba ɗaya da ubanta. Matar da suke haɗuwa a layin masu dankali kusan duk Asabar, ta gaishe ta da ladabi, ta tsuguna ta ba Nayra alewa, ta shafa curarren kan nan ta ce, "Ya labarin baturiyarmu? Ta kusa?" Ta faɗa tana murmushi. Ashe da naman a cikinta take tambaya.

"Kin san ko wace ce ita a wajen yarinyar?" ta tambayi Marnie.

"Ban sani ba, Mama. Sai daga baya."

"Ke fa, Licen?"

Licenciada ba ta juyo ba. "Na shigo kicin ta riga ta gama."

"Kin san kwano na wanda ya ci ne."

"Na sani."

"Kin san in ta yanka, ita ke da bakin cewa inda yarinya za ta zauna."

"Na sani, Doña Eulogia."

Sai yanzu ta gane haƙurin Doña Sabina. Ta sha yabon matar a zuciyarta, ta ce duk da halin mutanen Punata wannan ta san ya kamata, ta yarda a jira. Ashe ba jira suke ba. Da suka ce za su zo da tasu uwar askin, ba nema za su yi ba, tana nan a kicin ɗin Cibiya tana yanka albasa. Tsoro ya kama ta, irin wanda ba ta taɓa ji ba tun ranar da Zulma ta hau jirgi.

Amma ta daure. Ta gyara hula.

"To me ya hana ta fitowa tuntuni? Da gaskiyarta ai da ta zo ta faɗa."

"Wa zai yarda da ita?" in ji Licenciada. "Ke da Zulma da Doña Sabina kun ga kwano wayam a hannun Marnie. Maganarta ita kaɗai ba ta isa ba. Ta zo min sau da yawa in yi mata shaida, na ƙi. Na ce ban ga komai ba. Ta ce ba komai, wata rana baturiyar za ta dawo ta faɗa da bakinta."

"To bakinta bai faɗa ba." Doña Eulogia ta miƙe, ta matso kusa da Marnie, ta rage murya. "Saurara, 'yata. Abin da kika faɗa a ɗakin nan ya mutu a ɗakin nan. Kin ci zomaye. Kin ji ko? Kin ci, sun yi daɗi, har ƙashi kin tauna. Gobe ki zo ki yanka. Licen ta iya shiru, ta nuna mana. Mu uku ne, ba na huɗu."

"Mama, ƙarya ke nan."

"Yau kika fara?"

Marnie ta sunkuyar da kai.

"Licen, ki kau da ido gobe kawai. Ba don ni ba. Yarinyar nan ba ta san kowa a Punata ba. Ba ta iya barci sai ta riƙe kunnena."

Licenciada ta buɗe baki za ta yi magana, sai idonta ya kai kan tagar. A buɗe take tun da suka shigo. Bayanta kuwa ɗan lungun da ake wanke-wanke ne, jikin ƙofar kicin. Famfon da ke zuba ɗazu ya yi shiru, ba wanda ya lura yaushe.

Ta taka ta leƙa. Ba kowa. Sai baho cike da kofuna da kumfa, an bar su rabi.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa.

Tessa ce. Ita kaɗai.

"Ina Nayra?" in ji Doña Eulogia.

"Tana wajen gwaggonta. Mama, ashe kuna da 'yar'uwa a nan ba ki taɓa faɗa min ba! Nayra na ganinta ta ruga."

"Ina suke?"

"Tsakar gida. Gwaggon ta shimfiɗa mata mayafi ta zaunar da ita a tsakiya, ta kira kowa da kowa, har shugaba. Ta ce tunda biki ake, za ta nuna wa ɗalibai wata al'ada, duk mu zama shaida." Tessa ta juya ga Licenciada. "Na zo in gaya miki ne na ɗauki almakashin teburin gaba na kai mata, kar ki nema ki rasa."

Doña Eulogia ta ture ta ta yi waje, hular ta faɗi ba ta tsaya ɗauka ba.

Ba ta kai ƙarshen baranda ba tafi ya tashi a tsakar gida.